Batsari da Safana: A dawo wa 'yan firamare da ranar wasanni, amma a sa waya a aljihu

Ɗan dakata da latsa wayar nan, mu yi wata magana. Duk ƙarshen shekarar karatu, wajen watan Yuli, Facebook da TikTok kan cika da hotunan 'yan firamare na Kano da Kaduna da Abuja da cikin birnin Katsina. Wannan ta sa doguwar rigar yaye ɗalibai, wancan ya rungumi kofi, uwa tana gefe tana rangaɗa guɗa. Kai ma wataƙila ka tsaya ka rubuta musu "Allah ya raya". Madalla. To amma sau nawa ka taɓa cin karo da irin wannan hoto daga wata firamare ta Wagini ko Ruma, ko ta Runka ko Zakka? In sunan Batsari ko Safana ya faɗo a wayarka, galibi labarin hari ne, ko jana'iza, ko mata da yara ɗauke da ƙunshin kaya a ka.

Ra'ayin wannan shafi shi ne, lokaci ya yi da matasan waɗannan ƙananan hukumomi biyu za su taimaka a dawo da ranar wasanni da bikin raba kyaututtuka a makarantun firamare, a duk inda hali ya bari. Ba irin na gayu da ake yi a birni ba. Ƙarami, na rana tsaka, wanda uwa da uba za su taka da ƙafarsu su shiga harabar makaranta.

Mun san abin da wani zai rubuta a ƙarƙashin wannan tun bai gama karantawa ba: "Ana kashe mutane kuna zancen tseren buhu?" Tambayar tana kan hanya, kuma ba za mu yi kamar ba mu san abin da yankin ya sha ba. Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu ne. A ranar 14 ga Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A ranar 11 ga Disamban wannan shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida, gwamnatin Aminu Bello Masari kuma ta rufe makarantu. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyun. Akwai lokacin da azuzuwan firamare a garin Batsari suka koma masaukin 'yan gudun hijira, tabarma a inda benci yake. Ko a Nuwamban 2025, bayan sace ɗalibai a Maga ta jihar Kebbi da Papiri ta jihar Neja, Katsina ta sake ba da umarnin rufe makarantu. Duk wanda ya ce uban da ya hana ɗansa zuwa makaranta a irin wannan yanayi jahili ne, bai yi masa adalci ba.

Sai dai ku lura da abin da ke faruwa in an sake buɗe ƙofa. Malami kan dawo, allo yana nan, ana kiran suna. Abin da ba ya dawowa shi ne duk wani abu da ake yi a wajen aji. Hedimasta yana so yara su shigo su fita lafiya, shi ke nan, kuma ba laifinsa ba ne. Babu faretin 27 ga Mayu na ranar yara, babu kacici-kacici, babu wasan kwaikwayo, gonar makaranta ta koma fili. A hankali makarantar ta zama wani gini da yaro ke zuwa ya zauna ya dawo, iyayensa ba su san me ake yi a ciki ba. Ranar da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin hari, ko aka shiga noman farko, ko tallan safe ya fi kawo kuɗi, abu na farko da za a yanke shi ne zuwa wannan gini.

Ka tuna taka firamaren. Wallahi da wuya ka iya kawo darasi ɗaya na aji huɗu, amma ba ka manta kalar gidanku a gasar wasanni ba, ko ja ne ko kore. Ba ka manta wanda ya faɗi a tseren cokali da ƙwai ba, ko ranar da aka kira sunanka a gaban jama'a aka miƙa maka littafin rubutu guda biyu da sabulu, ka riƙe su kamar an ba ka mota. Ke ma ba ki manta ranar da kika fito a matsayin likita a wasan kwaikwayo ba, da farin mayafin yayarki a madadin rigar asibiti.

Wannan ranar ba ta yara kaɗai ba ce, kuma a nan ne maganar take. Uban da bai yi boko ba, in ka miƙa masa takardar sakamakon jarrabawa, zai juya ta ya ce "to, Allah ya taimaka", ya sa a aljihu. Ba ta gaya masa komai ba. Amma ranar da ya ga ɗansa ya kayar da ɗan aji shida a langa, ko ya ji 'yarsa ta miƙe ta karanta wasiƙa da Hausa babu gargada a gaban mai unguwa da liman, ya ga amfanin makaranta da idonsa. Uwa ma haka. Mata da yawa a ƙauyukanmu ba su taɓa leƙa ajin da 'ya'yansu ke zama ba, alhali su ne ke tashin yaron da safe, su ne ke yanke shawarar ko yau makaranta ko talla. In aka ware musu rumfa, aka gayyace su da mutunci, malama ta zauna da su, to an sami mutanen da gobe za su tambayi yaro dalilin da ya sa bai tafi ba. Makarantun Islamiyya sun daɗe da gane wannan. Dubi yadda walimar saukar Alƙur'ani ke tara dangi, dubi yadda ƙanne ke kallon masu sauka suna jin su ma sai sun kai. Firamaren gwamnati ce kawai muka bari ba ta da ranar da za a yi alfahari da ita.

Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya daɗe yana kawo adadin yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Muna yawan yaɗa wannan adadi muna zagin gwamnati, kuma ta cancanci a matsa mata: rufin aji, malamai, benci da tsaro duk haƙƙinta ne, babu tseren buhun da zai maye gurbinsu. Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta duniya tun 2015, har Abuja ta karɓi baƙuncin taron ƙasashe a kanta a Oktoban 2021, don haka ba alfarma ake roƙo ba. Amma jiran wannan bai hana a yi abin da igiya ɗaya da buhuna goma za su iya ba.

Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa ba. Rikicin nan ya raba maƙwabta. Yaron da aka haifa a 2018 a wannan yanki ya tashi yana jin ana kiran wasu mutane da suna ɗaya tak, ya kuma koyi tsoronsu tun kafin ya iya rubuta sunansa. A 2025 an yi zaman sulhu a Batsari da Jibia da Safana da wasu wurare. Mutane sun rabu a kansa, wasu na ganin sauƙi ya samu, wasu na ganin an ba mai laifi kujera, kuma ba yau za mu raba wannan gardama ba. Abin da muka sani shi ne, sulhun manya a ƙarƙashin itace ba ya shiga zuciyar yaro. Inda ɗan ruga da ɗan cikin gari ke aji ɗaya, sa su a gida ɗaya su ja igiya tare ya fi wa'azi goma. Ba magani ba ne, amma wani abu ne.

To ta yaya? Kusan kowace tsohuwar firamare tana da tsofaffin ɗalibai da ke da zaure a WhatsApp, inda ake ta tura gaisuwar Juma'a da hoton ɗan takara. Ku fara daga nan. Amma kada ku yanke rana a zaure. Ku je wurin hedimasta tukuna, shi ya san yaransa. Daga nan sai kwamitin kula da makaranta na al'umma da ƙungiyar iyaye da malamai, sai mai unguwa da dagaci, sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. A sanar da jami'an tsaro, har da rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023. In waɗannan suka ce ba yanzu ba, to ba yanzu ba ne, babu jayayya. Akwai ƙauyukan da tara yara a fili ganganci ne, a can sai a yi kacici-kacici da tatsuniya a cikin aji, a kira iyaye kaɗan-kaɗan.

A fara da hantsi a tashi kafin azahar. A kauce wa ranar kasuwa da tsakiyar damina. Kada a ɗora wa iyaye ko sisi: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare kyauta ne, kuma ranar da aka ce kowane yaro ya kawo kuɗin riga, 'ya'yan da aka fi so su zo su ne za su zauna a gida. Kyauta ba sai ta yi tsada ba, fensir da littafi da silifa sun isa, kuma kuɗin datar mako ɗaya na mutum ashirin zai saye su. A ba wanda bai taɓa fashi ba kyauta, ba na ɗaya a aji kaɗai ba. Langa da carafke da 'yar gala-gala ba sa buƙatar kayan kanti. In ɗan siyasa ya kawo gudummawa a karɓa a gode, amma kada a miƙa masa lasifika ya shanya yara a rana awa biyu. Mun ga irin haka, ba daɗi.

Saura wayar, wadda ita ce ta fi shafarku. Mun saba duk abin da za mu yi sai mun fara sanarwa: fosta mai kala, rana, lokaci, wuri, "kowa da kowa ya zo". A Batsari da Safana wannan ɗabi'a tana iya jawo abin da ba a so. Ba ku kaɗai ke kan TikTok ba, 'yan bindiga ma suna can, kowa ya gan su, kuma matsalar masu kai musu rahoto ba sabon labari ba ce. Gayyata ta bi ta bakin yara da mai unguwa da masallaci. Kada a saka rana da wuri a intanet, kada a haska taron kai tsaye. A bari sai kowa ya koma gida, ko washegari, sannan a saka hoto.

Ko a nan ma da sharaɗi. Yaron wani ba kayan neman mabiya ba ne. Ka tambayi uwarsa ko ubansa kafin ka saka fuskarsa. Kada ka haɗa cikakken sunansa da sunan mahaifinsa da ƙauyensu a rubutu ɗaya, don ka san abin da hakan ke nufi a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa. Kuma don Allah a daina zaɓo yarinyar da rigarta ta fi yagewa ana kusanto da kyamara don a tara tausayi da lambar asusu. Wannan hoton zai zauna a intanet har ta girma. Ɗauki igiyar da ake ja, ɗauki ƙurar tsere daga baya, ɗauki rumfar iyaye daga nesa.

In kana da lambar hedimastan tsohuwar makarantarku, kira shi a wannan makon. In babu, ƙanenka ko ɗan yayarka da ke aji uku ya san gidansa. Ka gaishe shi, ka tambaye shi yaushe rabon da iyaye su taru a makarantar, sannan ka tambaya ko tsohuwar igiyar nan tana sito har yanzu.