Ku Bar Mana Murtala Da Jaka A Cikin Labari

Muƙalar wannan makon za ta ɗan yi zafi, sai a yi haƙuri da mu.

A zaman karatun ƙungiyarmu na watan jiya, wata 'yar uwa ta karanta gajeren labarinta, wanda ta gina a kan zamanin da ake acaɓa a Kano. A ciki ɗan acaɓa ya ce wa fasinja, "Hajiya, ƙaro Murtala mana, mai ya yi tsada." Tana gamawa wani babba a cikinmu, wanda muke ganin girmansa, ya ce ta goge kalmar, wai maganar tasha ce, ba Hausar littafi ba, ta rubuta Naira ashirin. Ya ƙara da cewa jaka da wazobiya da ƙwandala duk su fita. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ja layi a kansu. Mun yi shiru a wurin saboda kara, amma shirun ya tsaya mana a rai.

Ranka ya daɗe, wace ce Hausar littafin? In sule da sisi da taro da fam ne, to ai su ma a kasuwa aka haife su. Kakanninmu ne suka ji sunayen kuɗin Ingila a bakin Turawa da 'yan kudu, suka murɗa su yadda harshensu zai ɗauka. Kwabo kalmar Turanci ce ta jan ƙarfe. Amma a 1939 da aka fara buga jaridar Hausa a Zariya, Abubakar Imam na edita, ba a ji kunyar sa mata suna Gaskiya Ta Fi Kwabo ba. Ku buɗe Magana Jari Ce, za ku tarar da sule da fam suna yawo a ciki ba mai korar su. Abin da ake kira maganar tasha a yau shi ne zai zama Hausar littafi gobe, in dai marubuta ba su kashe shi da jan biro ba.

Kuma sunayen nan ba ado ba ne, tarihi suke ɗauke da shi. Ɗauki jaka. A zamanin fam, jaka fam ɗari ce. Da aka kawo Naira ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya koma Naira biyu, sule ya koma kwabo goma. Shi ya sa jaka ta zama Naira 200, shi ya sa kuma dattijo a kara yake cinikin sa da jaka har gobe, lissafinsa bai taɓa kucce masa ba. Ka tsallaka Maraɗi ko Damagaram, dala faran biyar ce ta sefa, jika kuma faran dubu. Ita kanta dala ta samo suna ne daga wani kuɗin azurfa na Turai mai hoton Maria Theresa da fatake suka yi ciniki da shi kafin zuwan Turawan mulki. Anini, wato kashi ɗaya cikin goma na kwabo, ya bar aljihu tuntuni, amma yana nan a kafaɗar hafsan soja, yana nan kuma a bakin duk wanda ya rantse ba shi da ko anini. Mu 'yan shekara ashirin da ɗoriya ba mu taɓa sayen komai da wuri ba, amma in aka zube tsabar kuɗi muna cewa wuri na gugar wuri.

Murtala fa? An fitar da takardar Naira 20 a 1977, shekara guda bayan kashe Janar Murtala Muhammed, kuma a lokacin ita ce takarda mafi girma a ƙasar. Sai a 1991 Naira 50 ta zo, aka raɗa mata wazobiya saboda fuskokin ƙabilun da ke jiki. Naira 1,000 ba ta zo ba sai 2005. Yau ka miƙa wa almajiri Murtala, sai ya dube ta ya dube ka. Duk wannan faɗuwar darajar tana cikin kalma guda. Da yarinyar nan ta ce ɗan acaɓa yana roƙon ƙarin Murtala, ta gaya wa mai karatu zamanin da labarin ya faru da irin bakin mutumin, ba tare da ta tsaya sharhi ba. Naira ashirin kuwa harshen rasit ne. Ba ɗan acaɓan da ya taɓa magana kamar akawun banki.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne inda jan biron ba ya zuwa. Ku duba littattafan da ake turawa a WhatsApp da Wattpad. Kuɗi dai "maƙudan kuɗi" ne ko "bandir-bandir", ba adadi, ba suna. Amma in an shiga ɗakin Alhaji sai a cinye shafi biyu ana wassafa gado, da matasai da lallausan bargo waɗanda aka cusa wa gashin agwagwa, an yi odarsu daga Dubai ko Turkiyya. A Kano. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma ba wuta. Anya marubuciyar ta taɓa kwana a ƙarƙashin irinsa? Wannan bargo an yi shi ne don ƙasashen da ruwa ke daskarewa, aikinsa kenan ya tsare zafin jiki kada ya fita. Nan kuwa in ba na'urar sanyaya ɗaki ke aiki har asuba ba, sai dai Hajiya ta tashi sharkaf. Gashin ba ya shiri da laima: in ya jiƙe dunƙulewa yake, in bai bushe sarai ba sai ƙarni da fumfuna, ga damina ga gumi. Ba a dirza shi a baho kamar zanin gado, wankinsa ma sai an biya. Mai arahar cikinsa tsinin gashin yana huda yadi ya soki kunci, ƙura kuma in ta samu wuri a ciki mai asma ya shiga uku. Matashin audugar rimi da muka taso da shi sai dai a shanya shi a rana, a bubbuga, ya dawo daidai. Ba mu taɓa jin an tsayar da mai karatu a zaman ƙungiya an ce bargon nan ƙarya ne ba. Shi an bar shi saboda yana da ƙamshin waje, Murtala da kowa ya riƙe a hannunsa ita ce abin kunya.

Akwai hujja ɗaya da muka yarda tana da nauyi. Irin waɗannan sunaye suna mutuwa, kuma suna sauya ma'ana daga gari zuwa gari. Mai karatu a Zinder zai iya ɗaukar jakar Kano a matsayin jikarsa, yaron da aka haifa bana kuma ƙila bai san ƙwandala ba. To aikin marubuci ne ya saka kalmar a inda jimlar da ke kusa za ta fassara ta. Mu ma ba mu taɓa kashe sule ba, amma mun karanta Imam mun gane, har mun koyi abin da sule ke saye a zamaninsa. Mu kanmu ba ma son ganin "10k" a bakin mai ba da labari, wannan lalaci ne. Amma in ɗan jami'a ne a cikin labarin yake tura wa budurwarsa saƙo yana cewa ta ji alat, a bar masa abinsa, haka yake magana.

Ga 'yar uwarmu da aka sa ta ja layi: mun san kina cikin wannan zaure. Ki mayar da Murtalarki, ki mayar da jaka da ƙwandala, ki kawo labarin zama na gaba. Wannan karon in an ce ki goge, ba za mu yi shiru ba. Shi kuma Malam, muna jiran raddinsa a nan ƙasa, za mu karanta da ladabi.