Sauya Lagireto a Gida Ba Gagara Ba Ne, Ruwan da Ake Zuba Masa Ne Abin Lura

A Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa a Jihar Kano, mota mai ja da ƙafa huɗu irin su Hilux da Land Cruiser ita ce ke ratsa yashi da taɓon damina, ta fito da gero da gyaɗa, ta kuma kai mara lafiya asibiti. Idan lagiretonta ya fashe, duk wannan hidima ta tsaya. Ya kamata mai mota ko direbansa ya iya sauya shi a ƙofar gida, muddin ya fahimci aikin da na'urar ke yi.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ke ƙonawa yana ƙarewa ne a matsayin zafin da ruwa ke kwashewa. Famfo yana tura ruwan cikin siraran bututan lagireto, iska ta sanyaya shi, ya koma cikin inji. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas a bakin teku, a tudun Kano kuwa a wajen 98. Murfin lagireto yana matse ruwan har sai ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa. Saboda haka lalataccen murfi kaɗai yana iya sa mota zafi, a ɗora wa lagireto laifin da ba nasa ba.

Aikin kansa bai wuce sifana da filaya da haƙuri ba. Sai inji ya huce sarai, domin buɗe murfi da zafi yana watso tafasasshen ruwa a fuska. A tsiyaye tsohon ruwan a daro, a cire tiyon sama da na ƙasa, a kwance rumfar fanka, a zare lagireton. Idan motar mai giya otomatik ce, akwai bututan man giya biyu da za a toshe. Bayan an ɗaura sabo an cika shi, a tayar da inji murfi a buɗe har kumfar iska ta gama fita, domin iskar da ta maƙale tana hana ruwa zagayawa.

Inda ake yawan kuskure shi ne wajen ruwa. Ruwan rijiya da na burtsatse yana ɗauke da narkakkun ma'adinai waɗanda zafi ke daskarar da su, kamar farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi. Sannu a hankali sai su toshe bututan, tsatsa ta biyo baya. Abin da ya dace shi ne ruwan batir tsantsa wanda ba asid a ciki, a gauraya shi da ruwan sanyaya inji da ake sayarwa. Sinadarin da ke cikin wannan ruwa guba ne mai zaƙi da ke lalata ƙoda, don haka dole a kawar da shi daga yara da awaki.

Kuskure na biyu shi ne cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗewa idan zafi ya haura digiri 80. Masu cirewa sukan ce ƙasar da ke kai digiri 40 a watan Afrilu ba ta buƙatarsa. Amma injin da ya daɗe bai ɗau zafi ba, musamman da asubahin hunturu, ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa.

Akwai masu ganin like ya fi sauƙin kuɗi, kuma suna da hujja idan lagireton na tagulla ne irin na da, wanda ke karɓar dalma. Na zamani kuwa, alminiyam ne mai kawunan roba, likinsa ba ya ƙarko. Araha ba ta ado: wanda ya ƙi zuwa Kasuwar Ƙofar Ruwa sayen lagireto yau, gobe zai je neman gasket, ko ma kan inji sukutum.