Ganin Malamin Ɗanka Haƙƙi Ne, Ba Alfarma Ba

Jama'a, koke-koke sun yi yawa game da ƙananan yaranmu na aji ɗaya da aji biyu. Yaro ya shekara a makaranta bai yi aboki ko ɗaya ba, sai dai "aboki" da ake kiransa da shi don tsokana. Ba ya jin Yarbanci, idan an fita shan iska sai ya raɓe a lungu, da safe kuma kuka da ciwon cikin ƙarya.

Abin takaici, wasu iyaye sai su ce, "Mu baƙi ne, kada mu ja magana." Wasu ma su cire yaron su ɗora masa talla. Baƙin wa? Tun 1916 aka kafa Sabon Ibadan. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko asali, dokar UBE ta 2004 kuma ta wajabta karatun firamare ga kowane yaro.

Saboda haka, uba ko uwa, ku je ku ga malami cikin mutunci. Ku tambaye shi: da wa yaron yake wasa? Kusa da wa yake zama? Yana buɗe baki a aji? Ku nemi a zaunar da shi kusa da yaro mai haƙuri, ku sa ranar komowa bayan wata guda. Wanda ba ya jin Turanci ya zo ofis mu haɗa shi da tafinta. Idan malami ya ƙi saurare, akwai hedimasta, akwai taron iyaye da malamai.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.

Sakataren Ƙungiya