Bututun bindiga: A Amurka gardamar saiti ake yi, a Kebbi tambayar ita ce ko zai fashe

A shagon cajin waya da ke bakin titin Birnin Kebbi zuwa Argungu, daidai garin Ambursa, ba abin mamaki ba ne a tarar da samari sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna kallon bidiyon wani Ba'amurke yana gwada bindiga. Zai ɗaura ta a kan teburi, ya harba sau biyar, sannan ya nuna takardar da ya auna, ramukan duk sun haɗe wuri guda kamar huda ɗaya aka yi. Daga nan sai ya shiga yabon kamfanin da ya ƙera bututun, yana kushe na wani.

Irin waɗannan bidiyoyi sun cika YouTube da TikTok, kuma duk wanda ya tsaya ya kalli ɗaya, manhajar za ta ci gaba da turo masa wasu. Kallon ba laifi ba ne, akwai ilimin injiniya a ciki. Sai dai darasin da ya fi amfani ga matashin Kebbi ba sunan kamfanin da ya yi zarra ba ne. Darasin shi ne cewa ba a fara maganar saiti sai an gama da maganar lafiyar mai harbi, kuma wannan matakin na farko shi ne babu a ƙasar nan.

Me Amurkawan ke gardama a kai?

A Amurka, mai bindigar farauta ko ta gasa kan cire bututun da ta zo da shi daga masana'anta ya sa na wani kamfani, kamar yadda mai waya ke canza batir ko sikirin. Sunayen da aka fi ji su ne Krieger da Bartlein a jihar Wisconsin, Shilen a Texas, sai Lilja da Proof Research a Montana. Bututu ɗaya kan haura dala 300 tun kafin a biya wanda zai ɗaura shi.

Abin da ya bambanta su shi ne yadda suke fitar da tsagin da ke murɗe a cikin bututun, wanda ke sa harsashi ya riƙa juyawa a iska don kada ya karkace. Krieger da Bartlein suna yankan tsagin ne a hankali, ɗaya bayan ɗaya, aikin da ke cin lokaci amma ba ya takura ƙarfen. Shilen da Lilja suna bi da wani ƙarfe mai tauri ne ta cikin bututun ya dannar da tsagin a tafiya guda. Manyan masana'antu irin su FN ta Beljiyam da Sako ta Finland kuwa injin guduma suke amfani da shi, hanyar da ta fi sauri idan za a ƙera dubbai. Ita Proof Research ta yi suna ne wajen naɗe bututu da zaren kabon don rage nauyi.

Ma'aunin da suke kira MOA shi ne sikelin gardamar. MOA ɗaya na nufin harsasai su faɗi cikin tazarar kusan santimita 2.9 a nisan mita 100. Manyan kamfanonin nan duk suna iya yin ƙasa da rabin haka. Wato dai ana faɗa ne a kan bambancin da bai kai faɗin farce ba.

Ko a nan ɗin ma, mai kallo ya yi hattara. Harbi uku ko biyar ba su isa hujja ba, domin sa'a kaɗai na iya haɗa ramuka uku wuri ɗaya. Mai bidiyo na iya harba takarda goma ya nuna wadda ta fi kyau. Ingancin harsashi, gwanintar wanda ya ɗaura bututun, iska da hannun mai harbi duk suna taka rawa. Sannan da yawa daga masu yin bitar, kyauta ake aiko musu da kayan. Duk wanda ya taɓa sayen waya saboda yabon wani ɗan YouTube, ya zo ya tarar batirin ba ya kai la'asar, ya san wannan labarin.

Abin da ba a nunawa a bidiyo

Matsin da ke tasowa cikin bututu lokacin harbi ba ƙarami ba ne. Harsashin farauta ƙirar .308 Winchester na iya kai matsin psi 62,000, alhali tayar ƙaramar mota ba ta wuce psi 30 zuwa 35. Duk wannan ƙarfin yana tashi ne tazarar ɗan yatsa daga fuskar mutum. Shi ya sa ƙasashen Turai suka daɗe da yanke shawarar cewa ba za a yarda da bakin maƙeri kawai ba, komai sunansa.

A 1813 majalisar Ingila ta kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham, birnin da ya shahara da ƙera bindigogi masu araha, waɗanda aka yi ta jibge wa Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi, kuma aka san su da fashewa a hannun mai su. Har yau gidan yana aiki, kuma laifi ne a Birtaniya a sayar da bindigar da ba ta da hatimin gwaji. A 1914 aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa ta C.I.P., wadda ƙa'idarta ita ce a harba bindiga da harsashin da matsinsa ya zarce na yau da kullum da kashi 25 cikin 100. Idan ta jure, a buga mata hatimi. Idan ta tsage, ta tsage a ɗakin gwaji, ba a kafaɗar mutum ba. Amurka ba ta cikin wannan hukuma, amma tana da ƙungiyar masana'antu ta SAAMI tun 1926 da ke fitar da ma'auni, ga kuma kotuna da ke jiran duk kamfanin da kayansa suka raunata wani.

A kan wannan harsashin ginin ne gardamar Krieger da Bartlein ta tsaya. Mai saye a can ba ya tambayar ko bututun zai fashe, domin an riga an amsa masa wannan.

Adaka da maƙerin gida

A kwarin Rima labarin daban ne. Bindigar da talaka ya sani ita ce adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, da 'yar uwarta da ake yi wa kirari da harbi-ka-ruga. Sunan kaɗai ya isa sharhi. Tana da tsohon tarihi a ƙasar Hausa, akwai irinta a gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, kuma har gobe maharba na fita da ita, 'yan bindiga na buga ta a hawan sallah da bukukuwan sarauta.

Cikin bututun adaka sumul yake, babu tsagi, saboda haka maganar MOA ba ta ma taso ba. Matsalar ta fi haka girma. Ba a yin bututun da ƙarfen da aka narka domin bindiga. Sau da yawa abin da ya samu ne, ƙarfen da aka ƙera don wani aiki dabam, wanda babu wanda ya san iya abin da zai ɗauka. Matsin albarushin adaka bai kai na harsashin zamani ba, amma ya isa ya tsaga ƙarfe mai rauni, musamman wanda tsatsa ta ci ta ciki. Idan hakan ta faru, yatsu, ido da fuska ne ke biya, wani lokaci har da na kusa da mai harbin.

Wannan ba raina maƙera ba ne. A cikinsu akwai masu basirar da za ta ba injiniya mamaki, kuma sana'a ce da aka gada kaka da kakanni. Amma ido ba ya ganin tsaga a cikin ƙarfe, kuma rantsuwar maƙeri ba gwaji ba ce. Maharbi kan zaɓi maƙeri ne da jin labari: na wane gari ya fi, aikin wane bai taɓa ba da kunya ba. Kwatancen masu ƙera bututu ke nan irin na gida, sai dai gwajin ana yin sa ne da jikin mutane.

Doka ta yi magana, aiki ne babu

Dokar makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Na farko su ne haramtattu, irin na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, kuma mallakarsu ba bisa ƙa'ida ba na jawo ɗaurin shekara 10. Na biyu su ne na amfanin kai, da ke buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki irin adaka, waɗanda ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Don haka duk matashin da bidiyo ya ruɗa har ya fara tunanin yin odar kayan bindiga ta intanet, ya sani gidan yari yake yi wa oda.

Dokar ta kuma hana ƙera bindiga ba tare da izini ba, amma ta bar ƙofar ba da izinin ƙera da gyara masu ɗuri ta baki. A aikace, an bar abin a tsakiya: ba a hana ba, ba a tsara ba. Sai dai lokaci zuwa lokaci a kama wani maƙeri a nuna wa 'yan jarida, sauran su ƙara shigewa lungu.

Abin da ya fi dacewa shi ne a fito da adakar maharba da ta bukukuwa fili. A yi wa maƙera rajista ta hannun masarautun Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru, waɗanda suka san sarakunan maƙera da na maharba. A buga wa kowace bindiga lamba, a gwada ta, a buga mata hatimi. Ba a rasa masu iya aikin ba. Kamfanin ƙera makamai na DICON yana Kaduna tun 1964, hukumar SON ita ke da alhakin ingancin kaya, ga kuma cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021.

Akwai masu ganin wannan tamkar halatta bazuwar makamai ne a jihar da ke fama da matsalar tsaro, kuma tsoronsu yana da tushe. Amma bindigogin suna nan ko an yi rajista ko ba a yi ba. Wadda ke da lamba ana iya bin sawunta, kuma maƙerin da ke da lasisin da zai iya rasawa zai yi tunani sau biyu kafin ya yi wa ɗan ta'adda aiki. Rajista ce ma za ta raba mai yi wa maharba adaka da mai kwaikwayon bindigar yaƙi, wanda shi kam hukunci ya dace da shi.

Hatimi kuma ba zai mayar da adaka maganin 'yan bindiga ba. A watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai sama da 60 a kwanton ɓauna a yankin Sakaba. A watan Nuwamban 2024 Lakurawa sun kashe mutum 15 a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie, nan kusa da Argungu. Bindigar da sai an tsaya an sake ɗuri bayan kowane harbi ba ta da abin cewa gaban AK-47 mai harsashi 30 a gida ɗaya. Tsaron ƙauyuka aikin gwamnati ne, kuma babu ingancin bututun da zai ɗauke mata wannan nauyi.

Daga bindiga zuwa caja

Mafi yawan masu kallon bidiyoyin nan ba za su taɓa riƙe bindiga ba, kuma hakan ya fi. Amma kusan kowannensu zai sayi caja, batir ko fawa-banki a wannan shekarar, kayan da su ma kan kumbura ko su kama da wuta a ƙarƙashin matashin kai. A 2016 Samsung, duk da girman sunanta, ta janye Galaxy Note 7 daga kasuwa saboda batirinta na kamawa da wuta. Idan suna bai ceci Samsung ba, ba zai ceci kayan da aka buga wa tambarin aro a kan kwali ba.

Tambayoyin iri ɗaya ne ko a maƙera ko a shagon waya. Wa ya gwada wannan kaya ban da mai sayarwa? Ina alamar gwajin? Idan ya yi ɓarna, wa za a kama? Hausawa sun ce araha ba ta ado. A harkar ƙarfe da wuta kuwa, araha kan tafi da yatsa.