Mu Tuna da Hajiya Gambo Sawaba

'Yan'uwa, a watan Oktoba 2001 Hajiya Gambo Sawaba, shugabar matan jam'iyyar NEPU, ta rasu a Zariya. Sau 16 aka ɗaure ta a gwagwarmayar neman 'yancin talaka da ƙuri'ar mace, wadda matan Arewa ba su jefa a babban zaɓe ba sai 1979. Gidanta kuwa mafakar marayu ne.

A Birnin Kebbi da Argungu muna da irinta: mata masu bin gida-gida lokacin zaɓe, masu jinyar maƙwabta ba ko kwabo. Da zaɓe ya wuce, sai a manta da su. Kada mu jira ranar jana'iza kafin mu yabe su. Mu gode musu yau, mu kuma riƙe katin zaɓenmu da kyau, gama da ɗauri aka samo shi.