Kwamfuta Ta Karance Wake, Saura A Tambayi Manomi

A shekarar 2019 masanan Jami'ar Kalifoniya ta Amurka da abokan aikinsu suka ba da sanarwa cewa sun karance rubutun gādo na wake, watau umurnin da ke cikin kowace ƙwaya, wanda ke sa ta fito fara ko ja, mai yaɗo ko mai tsayuwa. Rubutun nan da haruffa huɗu kaɗai aka yi shi, amma tsawonsa ya kai wajen haruffa miliyan 600. Ba malamin da zai iya karance shi da ido. Sai aka daddatsa shi gutsi-gutsi, aka bar wa kwamfuta aikin haɗa wannan da wancan.

Waken da aka karanta kuwa ba baƙo ba ne. Masanan IITA ne suka fitar da shi, shi ne aka ba manoman Nijeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10, ga shi wutawuta ba ta cinsa.

Amfanin abin a fili yake. Dā mai gyaran iri sai ya shuka, ya jira kaka, ya sāke shukawa, shekara da shekaru. Yanzu yakan tsinki ɗan ganye tun tsiro na ƙarami, a duba, lissafi ya nuna masa wanda zai bari da wanda zai tuge.

To, amma kwamfuta ba ta taɓa zuwa kasuwar Dawanau ba. Abin da aka auna aka ba ta, shi take lissafawa. In an ce mata yawan buhu kaɗai ake nema, za ta zaɓo wake mai cika rumbu, ko da ƙwayarsa ƙanana ce wadda ɗan kasuwa zai taya da wulaƙanci. Harawa fa? Manomin da ke da tumaki ya san abin da damin harawa ke yi masa a watan Maris, sa'ad da daji ya bushe ƙurmus. Irin da ba shi da harawa, rabin amfani ya bayar.

Saboda haka ya kamata masu gyaran iri a Samaru da Kano su riƙa tara manoma da dillalai da mata masu ƙosai tun kafin a soma lissafi. A auna girman ƙwaya da nauyin harawa da saurin dahuwa, a shigar da su duka. Gwamnati kuma ta biya malaman gona masu yin awon nan a ƙauyuka.