Takunkumin Hanci Da Na'urar APAP: Shigar Tiyo Kaɗai Bai Nuna Sun Dace Ba

Idan kana cikin masu kwana da na'urar taimaka wa numfashi saboda ɗaukewar numfashi a cikin barci, wataƙila ka lura cewa kasuwar waɗannan na'urori ta sauya. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya yi kiranyen miliyoyin na'urorinsa, har da DreamStation ta farko, saboda soson da ke rage ƙarar na'urar yana iya ruɓewa, mai barci ya shaƙi ɓurɓushinsa. A Janairun 2024 kamfanin ya sanar da dakatar da sayar da sababbin na'urorin barci a Amurka. Mutane da yawa sun koma na'urar wani kamfani, alhali takunkumin da suka saba da shi na tsohon kamfanin ne. Daga nan tambayar ta taso: kowane takunkumin hanci zai yi aiki da kowace na'ura mai daidaita kanta?

Amsar a taƙaice ita ce, kusan kowanne zai shiga, amma ba kowanne ne zai ba ka maganin da likita ya nufa ba.

Yadda na'urar take aiki

Mai wannan ciwo, maƙogwaronsa ne ke rufewa idan barci ya yi nauyi. Sai ya yi ta minshari, numfashi ya tsaya, ya farka a firgice ba tare da ya tuna ba. Idan aka bar shi, yana taimaka wa hawan jini, bugun zuciya marar tsari, shanyewar ɓarin jiki da gyangyaɗi a kan tuƙi. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta buga a 2019 ya ce kimanin mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ke da shi a duniya, kuma Nijeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu shi.

Na'urar CPAP, wadda Dakta Colin Sullivan na Ostireliya ya bayyana a 1981, tana hura iska da ƙarfi guda tun daga farkon dare har ƙarshensa. Ita kuwa APAP tana auna kowane numfashinka. Idan ta ji alamar minshari ko hanyar iska ta fara tsukewa, sai ta ƙara ƙarfi. Idan hanya ta buɗe, ta rage. Galibi tana aiki tsakanin lamba 4 zuwa 20, kuma likita ne ke tsayar da iyakar da ta dace da kai. Abin lura shi ne ba ta da ido a cikin maƙogwaronka. Duk abin da ta sani, ta hanyar iskar da ke bi ta tiyo da takunkumi take saninsa. Idan takunkumin ya ba ta labarin da ba daidai ba, hukuncinta ma ba zai yi daidai ba.

Inda ake dacewa da inda ba a dacewa

Yawancin takunkumai da tiyo suna da baki mai faɗin milimita 22, ma'aunin da kamfanoni suka yi tarayya a kansa. Shi ya sa takunkumin Fisher & Paykel ko na Philips ke shiga tiyon na'urar ResMed ba tare da wahala ba. Inda ake samun cikas shi ne ƙananan na'urorin tafiye-tafiye irin su AirMini, wadda ke da nata mahaɗi na musamman, kuma an tsara ta da wasu takunkuman ResMed kawai.

Bayan shigar baki, akwai abu biyu da za ka duba.

Na farko, saitin takunkumi a cikin na'urar. Kowane takunkumi yana da ƙananan huji da aka yi da gangan domin iskar da ka fitar ta samu hanyar fita, kuma yawan iskar da ke fita ta nan ya bambanta daga wani samfuri zuwa wani. Na'urorin ResMed suna neman ka zaɓi iri: "Nasal" ga mai rufe hanci, "Pillows" ga mai zama a ƙofofin hanci, "Full Face" ga mai haɗa hanci da baki. Idan ka sauya takunkumi ka bar tsohon saiti, lissafin zubar iska da na'urar ke nuna maka zai iya karkacewa, kuma yadda iskar ke isa gare ka zai iya sauyawa. Kada ka taɓa toshe waɗannan huji da salatif don rage ƙara, domin za ka koma shaƙar iskar da ka fitar. Haka kuma akwai takunkuman asibiti marasa huji da aka yi domin injin numfashi na marasa lafiya; irin waɗannan haɗari ne a kan APAP, ko da bakinsu ya shiga tiyo daidai.

Na biyu, zubar iskar da ba a nufa ba. A nan ne raunin takunkumin hanci yake. Idan bakinka na buɗewa a cikin barci, iskar da ta shiga ta hanci sai ta fice ta baki. Zubar da ta yi yawa tana rikita na'urar, ta kasa gane tsayawar numfashi ko ta ƙara ƙarfi ba gaira ba dalili. A na'urorin ResMed, zubar da ta wuce lita 24 a minti ana ɗaukar ta da yawa. Alamominta su ne bushewar baki da safe, iska na hura ido, da farkawa da gajiya duk da ka kwana da na'urar.

To, a koma mai rufe baki da hanci ke nan?

Ba da gaggawa ba. Bincike da dama ya nuna cewa masu takunkumin hanci galibi suna buƙatar ƙarfin iska ƙasa da na masu rufe baki da hanci, tsayawar numfashin da ke saura ba ta kai tasu yawa ba, kuma sun fi jure kwana da shi. Wani dalili shi ne babban takunkumi yana iya danna haɓa baya, ya ƙara tsuke hanyar da ake son buɗewa. Don haka likitocin barci da yawa suke farawa da na hanci.

Sau da yawa toshewar hanci ce ke sa baki buɗewa, kuma ƙurar hunturu da bushewar iska suna ƙara ta. Kunna tukunyar ruwan da ke jiƙa iskar na'urar, wanke hanci da ruwan gishiri na kemis, maganin atishawa da toshewar hanci idan likita ya rubuta, ko ɗamarar haɓa, sukan wadatar. Idan duk an gwada ba a dace ba, sannan a yi maganar sauya iri.

Maganaɗisu: dacewa da jikinka

A Satumban 2022 Philips ya yi gargaɗi kan takunkumansa masu maƙalli na maganaɗisu, ciki har da na hanci irin su Wisp da DreamWisp. A Nuwamban 2023 ResMed ya bi sahu kan wasu nasa, har da AirFit N20 da AirTouch N20, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanya lamarin a matakin kiranye mafi tsanani. Maganaɗisun na iya dagula na'urar daidaita bugun zuciya da aka dasa a ƙirji, ko ya motsa ƙarfen da aka sa a jijiyar ƙwaƙwalwa bayan tiyata. Gargaɗin ya shafi wanda kuke kwana gado ɗaya da shi ma. Idan ɗayanku na da irin wannan dashe, nemi takunkumi marar maganaɗisu, kuma ka sanar da likitan zuciyarka.

Kafin ka saya

Mutane da yawa a ƙasashenmu ta hannun 'yan uwa a waje ko 'yan gwanjo suke samun na'urar. Idan ta Philips ce da aka ƙera kafin 26 ga Afrilun 2021, duba lambarta ko tana cikin kiranyen, musamman da yake kamfanin ya ce zafi da danshi na hanzarta ruɓewar soson. Ka gwada girman takunkumi a kwance, iska na kunne, ba a tsaye gaban madubi ba. Kada ka ɗaure igiya tamau. Hakan na lanƙwasa robar ya ƙara zuba. Bayan sauya takunkumi, ka bi rahoton na'urar na mako ɗaya ko biyu: zubar iska, awannin amfani, da lambar AHI, wato yawan tsayawa ko raguwar numfashi a awa guda, wadda ake so ta kasance ƙasa da 5.

Idan kana da gazawar zuciya, ciwon huhu mai tsanani, ko an ce ɗaukewar numfashinka daga ƙwaƙwalwa take, APAP ba lallai ta dace da kai ba ko da wane takunkumi. Kai rahoton na'urarka da takunkumin kansa wurin likita, a duba su tare.